Wasiƙa Zuwa ga Edita: Gajiyar Ƙarfe a Wajen Walda da Motocin Dakon Kayanmu na Kumasi

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarku domin in yi magana a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wanda ya shafi 'yan'uwana masu walda na Suame Magazine, babbar unguwar makanikai ta Kumasi, da na Aboabo da Asawase, ya kuma shafi masu motocin dakon kaya da direbobinsu da yaran mota. Na yi shekara 31 ina walda da aikin duba walda. Na fara a matsayin yaron shago a Magazine, daga baya abinci ya kai ni Tema da Takoradi wajen gyaran jiragen ruwa da tankunan mai, yanzu kuma na dawo gida na ajiye aiki.

A bazarar da ta wuce motar ɗan wana, wadda ke ɗauko albasa daga Nijar, ta karye a shasi tsakanin Kintampo da Techiman. Allah ya taƙaita, ba a rasa rai ba, amma yaron motar ya karye a ƙafa, rabin albasar kuma ta lalace a bakin hanya kafin a sami motar da za ta kwashe ta. Wata bakwai kafin wannan rana an yanka shasin a wani shago an ƙara masa tsawo domin ya ɗauki buhuna fiye da na da. Da na je duba ɗan wan nawa sai ya ce mini: "Baffa, ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne, waldar nan ta yi wata bakwai tana ɗaukar kaya lafiya, kuma ranar da ta karye kayan bai kai na sauran ranaku ba, ramin da muka faɗa ma ba wani babba ba ne." Wasu daga cikin abokansa har sun fara cewa hannu aka sa masa. Na ce a kai ni in ga karayar da idona. Kusan kashi biyu cikin uku na fuskar ƙarfen sumul yake, da layuka a jere kamar waɗanda ruwa ke bari a kan yashi idan ya janye, kuma inda layukan suka faro ya yi tsatsa baƙi ƙirin. Ragowar kashi ɗaya ne kawai yake da kaushi yana ƙyalli. Ma'anar wannan ita ce tsagar ta yi watanni tana tafiya a hankali daga cikin waldar, inda narkakken ƙarfe bai ratsa ba saboda ta fuska ɗaya aka yi aikin, kuma abin da ramin ya karya a ranar ɗan guntun da ya rage ne.

Wannan shi ne abin da injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe. Kowane yaro ya san idan yana son tsinka waya ba shi da filaya, sai ya yi ta lanƙwasa ta gaba da baya har ta rabu, alhali lanƙwasa ɗaya ba ta yi mata komai. Haka ƙarfen mota yake, sai dai shi lanƙwasar tasa ido ba ya ganinta, kuma sau dubbai take faruwa a kowace tafiya. Tayar babbar mota tana juyawa kusan sau 300 a kilomita ɗaya, daga Kumasi zuwa Tamale kuwa kusan kilomita 380 ne, saboda haka duk ƙarfen da ke juyawa tare da taya zai sha danna da saki sama da sau 100,000 a tafiya guda, kafin a yi tafiya 20 ya haura sau miliyan 2. Mutumin da ya fara auna wannan abu a tsanake injiniyan jirgin ƙasa ne a Jamus mai suna August Wöhler, wanda tsakanin shekarun 1850 da 1870 ya yi ta gwada ƙarafan da ke riƙe ƙafafun jirgi har ya tabbatar cewa abin da ke kashe ƙarfe shi ne tazarar da ke tsakanin mafi girman nauyi da mafi ƙanƙantarsa, da kuma yawan maimaituwarta.

A wajen walda akwai wani lissafi da nake fata kowane mai mota ya haddace shi kamar lambar motarsa. Idan nauyin da ke hawa yana sauka a kan walda ya ninka biyu, rayuwar waldar tana komawa kashi ɗaya cikin takwas, domin ana ninka ƙarin ne sau uku a kan kansa, biyu sau biyu sau biyu. Wanda ya ƙara rubu'i a kan abin da waldar ke ɗauka ya raba rayuwarta kusan biyu, wanda ya ƙara rabi kuma ya rage ta zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Mai mota yana ganin buhu 50 da ya ƙara a matsayin riba ta ranar, ba ya ganin watannin da ya cire daga rayuwar shasinsa, domin babu wanda ya taɓa zaunar da shi ya yi masa wannan lissafi.

Dalilin da ya sa walda ta fi sauran ƙarfe saurin gajiya a bayyane yake ga wanda ya taɓa yanka ta ya duba. A gefenta, inda narkakken ƙarfe ya haɗu da uwar ƙarfe, akwai kwana mai kaifi da ƙananan kwarmi da ɓurɓushin datti waɗanda tun ranar da aka gama aikin sun riga sun zama kamar farkon tsaga. Bayan haka, idan walda tana hucewa tana tsukewa, ƙarfen da ke kewaye da ita kuma yana hana ta, sai a bar wani ɗauri a ciki wanda yakan kai iyakar abin da ƙarfen zai iya jurewa tun ba a ɗora masa ko buhu ɗaya ba. Shi ya sa sayen ƙarfe mai tsada mai ƙarfi ba ya ƙara wa walda rayuwa ta fuskar gajiya. Na sha ganin mutane suna kashe kuɗi a kan faranti mai kauri da tsada sannan su bar yaro ya liƙa shi cikin gaggawa, kuma wannan asara ce tsagwaronta.

Cibiyar Walda ta Duniya, wadda aka kafa a 1948, ta ba kowace irin walda lamba, wato nauyin da za ta jure sau miliyan 2 a ma'aunin da ake kira megafaskal. Ƙarfen da ba a taɓa shi da walda ba lambarsa 160. Waldar baki da baki da aka yi ta fuska biyu a shago aka kuma duba cikinta tana samun 90. Ƙaramin ƙarfe da aka liƙa a gicciye da waldar kusurwa yana saukar da wurin zuwa 80, ko da shi kansa ba ya ɗauke da komai. Waldar baki da baki da aka yi ta fuska ɗaya ba a duba cikinta ba kuwa, irin wadda aka yi wa ɗan wana, lambarta 36. Idan aka bi lissafin nan na ninki uku, tsakanin 90 da 36 akwai bambancin rayuwa sama da ninki 15, alhali daga waje, bayan an shafa fenti, mai mota ba zai iya bambanta su ba.

Yanzu sai in zo kan abin da ya fi damuna, wanda ko a cikin waɗanda suka yi karatun sana'ar ba kowa ne ya riƙe shi ba. Duk lambobin da na ambata an same su ne a ɗakin gwaji inda ake jan ƙarfe ta fuska ɗaya tak. Shasin mota a hanyar Tamale ko ta Wa ba ya samun wannan gata. Nauyin kaya yana lanƙwasa shi sama da ƙasa. Idan ƙafa ɗaya ta faɗa rami ko ta hau gefen kwalbati sai ya murɗe kamar yadda ake matse wanki. Birki yana tura shi gaba, kwana tana jan sa gefe. Wanda ya taɓa karya rake ko ɗanyen reshe ya san lanƙwasa kaɗai ba ta raba shi da wuri, sai an haɗa mata da murɗawa, kuma walda ma haka take.

Tun a 1935 wasu masana biyu a Ingila, Gough da Pollard, suka fitar da hanyar haɗa lanƙwasa da murɗawa a lissafi ɗaya, kuma har yau a kanta ake gini. Ana duba kason da lanƙwasa ta ci daga abin da waldar ke iya jurewa a ninka shi a kan kansa, a yi haka ga murɗawa, sannan a tara. Misali, idan lanƙwasa ta ci kashi 60 cikin 100 na nata ƙarfin, murɗawa ita ma ta ci kashi 60 na nata, kowacce ta ba da 0.6 sau 0.6, wato 0.36, jimla 0.72. Mai duba lanƙwasa kaɗai zai ce saura da yawa, mai duba murɗawa kaɗai shi ma haka zai ce. Idan biyun tare suke zuwa tare suke tafiya, iyakar da aka yarda da ita 1 ce, don haka waldar ta tsira. Amma idan ba lokaci ɗaya suke zuwa ba, wato wannan tana hawa waccan tana sauka, shawarar cibiyar ga ƙarfe ita ce a rage iyakar zuwa 0.5, kuma a nan waldar nan mai 0.72 ta faɗi. Dalili shi ne idan sun zo tare, fuskar da ake jan ƙarfen ba ta sauyawa, amma idan sun saɓa sai fuskar jan ta yi ta juyawa kamar hannun agogo, ta yadda duk wani ƙaramin aibi da ke gefen waldar, ko ta ina ya fuskanta, sai an zo an buɗe shi. Gwaje-gwajen da aka yi a Jamus a kan bututun da aka liƙa wa faranti sun nuna cewa wannan saɓani yana gajarta rayuwar waldar ƙarfe ƙwarai ko da girman nauyin bai sauya ba. A kan hanyoyinmu kuwa ramuka ba sa zuwa a jere daidai da juna, saboda haka halin da motocinmu suke ciki kullum shi ne mafi munin biyun.

Masu ƙera manyan motoci sun san da wannan, shi ya sa suke haɗa shasi da rifit da noti domin ya sami damar murɗawa ya koma, suke kuma manna gargaɗi cewa kada a yi walda ko huji a leɓen sama da na ƙasa na shasi, inda lanƙwasa ta fi tsanani. Idan aka ƙera bodi mai tauri kamar akwati aka liƙe shi kai tsaye da shasi, murɗawar da ya kamata ta bazu a tsawon motar sai ta taru a daidai inda waldar ta ƙare. Wannan kuskure ya yawaita a kan aboboya, wato babur mai ƙafa uku na dakon kaya, da ake ƙara wa bodi domin kwasar shara ko siminti, kuma duk wanda ya leƙa ƙarƙashinsu a Aboabo zai ga faci a kan faci a wuri guda.

Akwai kuma batun tarawa. Nauyin hanya ba iri ɗaya ba ne, yau kwalta mai kyau, gobe hanyar burji. Ƙa'idar da Palmgren na Swidin ya kawo a 1924, Miner na Amurka ya ƙarfafa ta a 1945, ta ce kowane danna yana cin nasa rabo daga rayuwar ƙarfe, ana tarawa har ya cika, kuma abin da aka ci ba ya dawowa ko an ajiye motar shekara guda. Ga walda ma ana ba da shawarar a tsaya idan jimlar ta kai rabi.

Kada wani ya ce ƙaramar walda ba ta da haɗari. Ranar 27 ga Maris 1980 wani dandamalin kwanan ma'aikatan mai da ake kira Alexander Kielland ya kife a Tekun Arewa, a yankin ƙasar Nowe, mutum 123 suka mutu daga cikin 212 da ke kansa. Bincike ya gano cewa tsagar ta faro ne daga wata waldar kusurwa mai milimita 6 da aka yi domin riƙe wata na'urar sauraron sauti a jikin ɗaya daga cikin manyan bututun da ke tallafe da ƙafar dandamalin. Har fenti aka samu a cikin tsagar, alamar cewa tana nan tun daga wajen ƙira a Faransa, igiyar ruwa kuma ta yi shekaru tana faɗaɗa ta. Duk lokacin da na ga an liƙa mariƙin tankin ruwa ko na safaya taya a leɓen shasi, wannan labari nake tunawa.

Ba na ɗora laifin a kan masu walda su kaɗai, kuma ba zan yarda a raina su ba. Hannun da ke Magazine ya ciyar da ƙasar nan, motocin da aka yanke musu ƙauna a wasu ƙasashe a nan suke tashi su yi shekaru suna aiki. Ni kaina a ƙuruciyata na yi irin waldar da nake kuka da ita yau, domin haka na ga mastana yana yi, kuma abin yana damuna idan na tuna motocin da suka fita daga hannuna. Mai mota ne ke zuwa da yamma ya ce gobe da asuba zai yi lodi, ya yi ta ciniki har ya kai kuɗin inda ba zai isa a sauke bodi a yi waldar ta fuska biyu ba. Masta kuma yana da yara da iyali, idan ya ƙi aikin maƙwabcinsa zai karɓa.

Duk da haka akwai abubuwan da ba sa buƙatar sabon inji. A gurza bakin ƙarafan biyu su yi fiƙe kafin a haɗa su domin narkakken ƙarfe ya ratsa har ciki, a kuma juya a yi bayan. A nisantar da mahaɗar daga mariƙin sifirin da daga inda lanƙwasa ta fi yawa. Farantin ƙarfafawa ya kasance mai tsukakken baki a ƙarshensa, kuma ɗaure shi da noti a tsakiyar bangon shasi ya fi a zagaye shi da walda. Sandar walda mai lamba 7018 tana shan laima, a damunar Kumasi kuwa idan aka bar ta a buɗe a kan benci ta rasa amfanin da aka saye ta dominsa, don haka a adana ta a wuri mai ɗumi a rufe. Kada a watsa wa walda ruwa domin ta huce da wuri. Bayan an gama, a bi gefen waldar da ƙaramin dutsen gurza a share kwanar nan mai kaifi har wurin ya yi santsi. Cibiyar da na ambata ta yarda wannan aiki yana ƙara wa gefen walda kashi 30 cikin 100 na juriya, wanda a lissafin ninki uku ya haura ninka rayuwa biyu. Sai dai gurza ba ta warkar da waldar da cikinta ya zama kogo, domin can tsagar za ta faro inda dutse ba ya kaiwa.

Wajen gyaran tsaga ne aka fi yin ɓarna. Mai mota ya ga layi ya kawo, yaro ya shimfiɗa walda a kai, tsagar tana nan a ƙasa tana ci gaba da tafiya. Dole a nemo ƙarshenta, wanda kullum ya wuce inda ido ya tsaya, a huda shi, a ƙwaƙule tsagar gaba ɗaya sannan a cike. Hanyar nemo ta tsohuwa ce tun zamanin ma'aikatan jirgin ƙasa, kuma ba ta fi ƙarfin kowa ba: a wanke wurin a kankare fenti, a shafa kananzir a bar shi ya shiga, a goge saman tas, a shafa alli da aka dama, idan ya bushe sai a ɗan bubbuga da guduma, duk inda tsaga take kananzir zai fito ya ja layi a kan farin allin.

Ina kira ga malaman injiniya na Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Kwame Nkrumah, wadda tun farkon shekarun 1980 take da alaƙar koyar da sana'a da Suame, da na Jami'ar Fasaha ta Kumasi, da su manna na'urorin auna miƙewar ƙarfe a jikin motar albasa ɗaya da aboboya ɗaya, su bi su hanyar arewa da lungunan zango, domin mu san ainihin lanƙwasa da murɗawar da hanyoyinmu ke jawowa da yadda suke saɓawa. Abin da suka samu kada ya tsaya a kundin ɗalibi. A mayar da shi takarda guda mai hotuna, da Hausa da Tuwi, wadda za a manna a bangon kowane shago, tana nuna inda ake walda a shasi da inda ba a yi. Ina roƙon shugabannin ƙungiyoyin masu sana'a su tsayar da magana ɗaya cewa ba a ƙara wa shasi tsawo da walda ta fuska ɗaya ko nawa aka biya, domin idan kowa ya ƙi, mai mota ba shi da inda zai kai. Masu duba lafiyar motoci kafin a sabunta takarda su ma ya kamata su riƙa sunkuyawa da tocila su dubi mahaɗar shasi kamar yadda suke duba birki da fitila. Limamanmu da sarakunan zango suna da bakin magana da manyan masu motoci fiye da ni, kuma batun lodin da ya wuce kima batun amanar ran direba da yaron mota ne.

Ɗan wana ya sami wani shasin, kuma mun yi yarjejeniya da shi cewa duk dawowa uku daga Nijar za a wanke ƙarƙashin motar mu bi mahaɗai da kananzir da alli. A watan jiya mun kama wata tsaga da ba ta kai tsawon ɗan yatsa ba a ƙarshen mariƙin sifirin na baya, aka gyara ta a yini ɗaya. Guntun tsohon shasin kuwa na sa an yanko mini shi, yana nan a ajiye a zaurena da layukansa da tsatsarsa. Duk ƙungiyar masu walda ko makarantar koyon sana'a da ke son yaranta su gan shi su taɓa da hannunsu, ta aiko ta hannun jaridarku, zan ɗauko shi in zo da kaina ba tare da an biya ni ko sisi ba.

Na gode, Malam Edita. Wassalam.

Naka,
Tsohon mai duba walda,
Aboabo, Kumasi.